Ittefaq (1969): fim ɗin Indiya marar waƙa, gwaninta ce ko rowa?

Na-Majigi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Fim ɗin da za mu baje yau shi ne Ittefaq na 1969, na kamfanin B.R. Films. B.R. Chopra ya zuba kuɗi, ƙanensa Yash Chopra ya ba da umarni. Rajesh Khanna ne Dilip, mai zanen da ake tuhuma da kashe matarsa. Nanda ce Rekha, matar auren da ya faɗa wa gida cikin dare ana tsuga ruwa, bayan ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali. Mai launi ne, bai cika awa biyu ba, kuma babu waƙa ko guda. Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan, don za a tona ƙarshe. Masu kallo sun rabu uku a kansa: masu cewa gwaninta ce, masu cewa an yi musu rowar waƙa, da masu cewa hoton ya yi ja ya yi duhu, ba su ga komai ba. Bismillah.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Malam. A rubuta ni cikin masu cewa rowa ce. Fim ɗin Indiya ba waƙa, tuwo ne ba miya. Kuma ba rawa nake nema ba. Waƙa aiki take yi a cikin labari: ita ke faɗin abin da jaruma ba za ta iya furtawa da baki ba. Rekha mace ce da mijinta ya yi watsi da ita, kullum yana tafiya. Wannan ciwon shi ne tushen duk abin da ta aikata, amma an bar shi a 'yan jimloli tsakar dare. Da an ba ta minti huɗu na waƙa, da ranar da asirinta ya tonu mai kallo ya ji zafin abin a ƙirjinsa, ba mamaki kawai ba.

Ɗan Damagaram: Hajiya, da an ba ta waƙar nan ai da an kashe fim ɗin. A al'adar finafinansu waƙa ba ta ƙarya. Abin da jaruma ta rera, shi ne gaskiyar zuciyarta. To me Rekha za ta rera? In ta yi waƙar kewar miji, an yaudari mai kallo, tunda gawar mijin tana cikin gidan kuma ta san da ita. In ta yi waƙar gaskiya, an tona ƙarshe tun tsakiya. Labarin gaba ɗaya ya tsaya ne a kan cewa ba mu da hanyar shiga zuciyar kowa cikin su biyun. Shi ana cewa mahaukaci ne, ita kuma ba mu san komai a kanta ba sai abin da ta faɗa.

Uwar Biyu: Na ji wannan, ƙanena, amma ba dole ita ta rera ba. Ana iya sa waƙa a rediyon falo.

Ɗan Damagaram: Ana iya, sai dai a lissafa lokaci. Fim ɗin Indiya na wancan zamani yakan ɗauki waƙa shida ko bakwai, kowace minti huɗu zuwa biyar, rabin awa ke nan. Wannan kuma kusan duk abin da ke cikinsa dare ɗaya ne a gida ɗaya. Kowane ƙwanƙwasa ƙofa, kowace ƙarar tarho, an jera su ne don kada mai kallo ya samu sararin yin tunani. Ka ba shi minti biyar na hutu, zai tambayi kansa: me ya sa matar nan ba ta yi ihu ba lokacin da ta samu dama? Da zarar ya yi wannan tambayar da wuri, ya gano.

Na-Majigi: Ga ƙarin bayani kan yadda aka yi har fim ɗin ya zo a haka. Yash Chopra yana cikin aikin Aadmi Aur Insaan sai aka dakata saboda rashin lafiyar Saira Banu. Maimakon ma'aikata su zauna, aka ɗauko labarin da za a iya gamawa cikin 'yan makonni: 'yan wasa kaɗan, gida ɗaya da aka gina a situdiyo, babu fita Kashmir ɗaukar waƙa. Asalin labarin wasan dandamali ne na Turanci, Signpost to Murder, wanda aka mayar fim marar launi a 1964 da Joanne Woodward da Stuart Whitman, kuma an yi shi a dandamalin Gujarati da sunan Dhummas. Shi ya sa za ku ga ƙirar dandamali a jikinsa: falo, matakala, ƙofar waje, banɗaki, mutane suna shiga suna fita. Kuma ba shi ne karon farko da gidan Chopra suka yi fim ba waƙa ba. Kanoon na 1960, wanda B.R. da kansa ya ba da umarni, shi ma haka yake, Nanda ma tana ciki. Da Ittefaq Yash Chopra ya ɗauki kyautar Filmfare ta gwarzon darakta, karo na biyu bayan Waqt.

Ɗan Auta: Yayyena, in har ya ci kyauta, me ya sa ba a san shi ba? Ko masu sayar da finafinan da, da wuya ka ji sun ambace shi.

Mai Sauti: Saboda waƙa ce ke riƙe sunan fim, Auta. A lokacin tallan fim yana bin faifan garmaho ne da rediyo, musamman shirin Binaca Geetmala na Ameen Sayani a Rediyon Ceylon. Fim ɗin da ba shi da waƙa ba shi da abin da za a saka a can. A shekarar nan ta 1969 Aradhana ya fito, da Rajesh Khanna ɗin dai, da kiɗan S.D. Burman da muryar Kishore Kumar, kuma har gobe ana jin waƙoƙinsa. Mu ma nan ƙasar Hausa haka muke tuna fim ɗin Indiya: mutum zai manta sunan fim, ya manta labarin, amma ya rera maka amshin. Ittefaq bai bar wa kowa abin rerawa ba. Amma kada a ce ba kiɗa. Salil Chowdhury ne ya yi kiɗan da ke bin fim ɗin a ƙasa, kuma rabin tsoron yana cikinsa, sauran rabin yana cikin ƙarar ruwa da tsawa da wuraren da aka bari shiru.

Lauya: Ni matsalata ba waƙa ba ce, shari'ar ce. Masu kallo da yawa suna fita da fahimtar cewa in ka yi dariyar hauka a gaban alƙali, shi ke nan ka tsira. Abu biyu ne daban ake cakuɗawa. Na ɗaya, hauka a lokacin da aka aikata laifin. Wannan shi ne sashe na 84 na tsohon kundin laifuka na Indiya na 1860, wanda ya yi aiki har 2024: wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa laifi ne, ba a kama shi da laifi. Kundin Penal Code na Arewacin Najeriya ya gaji wannan ta hanyar na Sudan, yana nan a sashe na 51, kusan kalma da kalma. Na biyu, rashin hankali a lokacin shari'a, wato mutum ba zai iya bin abin da ake yi a kotu ya kare kansa ba. Wannan ba ya wanke kowa. Dakatar da shari'a ake yi, a kai shi asibiti, likita ya duba ya rubuto, in ya warke a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Dilip yana rukuni na biyu. Saboda haka asibitin ba mafaka ba ce gare shi, ɗakin jira ne: in an ce ya warke, igiya na jiransa, in an ce bai warke ba, zai dawwama a kulle. Wanda ya gane haka zai gane dalilin tserewarsa. Fim ɗin ya taɓo zancen amma da sauri, ihun jarumi ya danne shi.

Uwar Biyu: Yawwa, Allah ya gafarta Malam, ka zo inda nake. Ihun nan! Kashin farko Rajesh Khanna ba ya magana sai da ƙaraji, ido a waje, jijiyar wuya a miƙe. Wanda ya saba da shi mai murmushi da karkatar da kai zai ce wannan wani ne.

Ɗan Damagaram: A nan kam ba na musu, ya zarce. Amma akwai abin da ihun ya saya. Dole ne mai kallo ya yarda cewa mutumin nan zai iya shaƙe mace, in ba haka ba lokacin da ya ce ya ga gawa a bahon wanka, aka koma aka tarar ba komai, babu wanda zai yi shakkar hankalinsa. Wurin nan shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Sai ka kasa yanke wa za ka gaskata, shi ko ita. Kuma a lura, da dare ya yi nisa muryarsa tana sauka, ita kuma tata tana ƙara santsi. Wasan Nanda ne ya fi, nesa ba kusa ba.

Na-Majigi: Zaɓen Nanda ma dabara ce da mai kallon yau ba zai ji ƙarfinta ba. Mutanen 1969 sun san ta da fitowa a 'yar kirki, ƙanwa abar tausayi, tun Chhoti Bahen na 1959. Fuskarta kaɗai shaida ce ta wanke ta. Babu wanda zai zauna a silima ya ce wannan ta haɗa baki da sifeton 'yan sanda sun kashe mijinta. Mai kallon yau kuwa matsalarsa a juye take: yana ganin Bindu a matsayin Renu, 'yar'uwar matar Dilip, zai ce ga mai laifi, saboda shekarun da ta yi daga baya tana fitowa a makira. A lokacin sabuwar fuska ce. Haka Madan Puri, an saba ganinsa bos, a nan lauyan gwamnati ne, sai mutum ya yi ta zarginsa a banza. Iftekhar kuma ya sa kakin ɗan sanda da ya zame masa riga har zuwa Zanjeer da Don.

Lauya: Tunda an zo kan gawa, ga inda labarin ya yi rauni a wurina. Shirin Rekha da Sifeto Diwan shi ne a ɗora wa Dilip kisan mijinta Jagmohan, tunda Allah ya kawo musu mahaukacin da ya tsere har cikin gida. To amma gawa tana ba da shaida. Sandarewa tana farawa bayan kamar awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya ta gangara, ta cika wajen awa 12. Jini yana kwanciya a ɓangaren da ke ƙasa ya yi tabo, kuma bayan awa 8 zuwa 12 tabon ba ya ƙara motsi. Gawar da ta kwanta a lanƙwashe cikin baho, aka ɗauke ta aka yar a wani wuri, tabonta da lanƙwasarta ba za su dace da inda aka same ta ba. Likitan gawa na farko zai ce an motsa ta. Sifeton 'yan sanda ya fi kowa sanin wannan.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, an motsa ta, to sai me? Sai su ce mahaukacin ne ya motsa. Abin da zai cece shi kawai shi ne a nuna mutumin ya mutu tun Dilip yana kulle a asibiti, kuma ƙiyasin lokacin mutuwa ba ya zuwa da minti. Zafin jiki yana sauka kusan digiri ɗaya a awa, amma sanyin wuri, jiƙewa da kaurin jiki duk suna canza lissafin, har a samu kuskuren awa biyu ko uku ta kowane ɓangare. Wanda ake tuhuma da kisa ɗaya, ya tsere, aka kama shi a gidan da aka samu gawa ta biyu, wa zai tsaya auna masa digiri? Ni abin da na ɗauka darakta ya yi adalci a kai shi ne ɓacewar gawar. Namiji mai kilo 70 ko fiye, mace ɗaya ba za ta ciro shi daga baho ta fitar ba tare da ƙara ba, alhali wanda ya tsare ta yana cikin gidan. Tun daga nan an gaya wa mai lura cewa akwai mutum na uku da ke shiga da fita. Laitar sigarin da ta tona Diwan tabbatarwa ce kawai.

Lauya: Wannan na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda aka warware kisan farko. An yi awa ɗaya da rabi a kan gidan Rekha, sannan a 'yan mintocin ƙarshe a ce af, ashe Renu ce ta kashe 'yar'uwarta. Ba a ba mai kallo abin da zai bi ya kai can da kansa ba. Sakayya ce aka yi wa jarumi don ya fita fes.

Ɗan Auta: Ni duk wannan ban kai gare shi ba. Kwafin da ke yawo a waya fuskokin kowa jajaye ne, bango ja, kuma wurin banɗakin da kuke magana baƙi ne ƙirin da 'yan murabba'ai suna rawa. Haka aka ɗauke shi?

Na-Majigi: A'a Auta, ba haka aka ɗauke shi ba, kuma rukuni na uku na masu ƙorafi duk daga nan suka fito. Finafinan Indiya masu launi na shekarun nan galibi a kan fim ɗin Kodak mai suna Eastmancolor aka ɗauke su. Jikin fim ɗin yana da shimfiɗar rini uku a jere: shuɗi mai ratsin kore, ja mai ruwan hoda, da rawaya. Ba sa koɗewa tare. Shuɗin ne ke fara tafiya, rawaya ta bi, jan ya zauna. Shi ya sa tsohon kwafi yake komawa ruwan hoda, baƙi kuma ya zama ja mai duhu. Kodak ba ta fito da kwafin silima mai jure koɗewa ba sai wajen 1982. Zafi da laima suna gaggauta abin, kuma Bombay tana da su duka biyun. Akwai cuta ta biyu: jikin fim ɗin kansa, wanda asitet ne, yana ruɓewa ya riƙa fitar da warin tsami kamar khal, ya ƙanƙance ya kanannaɗe, sai hoton ya riƙa rawa wajen kwafa. Maganinsa ɗaki mai sanyi ƙwarai da laima kashi 30 zuwa 40 cikin 100, irin abin da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Pune, wadda aka kafa a 1964, take ƙoƙarin yi.

Sannan a duba hanyar da kwafin ya biyo kafin ya iso wayarka. Daga koɗaɗɗen fim zuwa kaset, daga kaset zuwa faifan VCD mai ɗigo 352 a 288 kacal, daga nan wani ya matse shi don ya shiga WhatsApp. Matsewa ta fi cutar da wuri mai duhu da wuri mai ruwan sama, don na'urar tana zubar da bambancin da take ganin ido ba zai lura ba. Fim ɗin da kusan duka dare ne da ruwa, ka ga an haɗa masa biyun.

Mai Sauti: A ƙara da gudu. Silima firam 24, wato hoto 24, take ja a daƙiƙa, talabijin ɗin PAL irin na Indiya da namu 25. Ba a gyara komai, sai kawai a saki fim ɗin da sauri kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 100 ya koma 96, kuma murya ta ɗaga sama kusan kashi biyu cikin uku na rabin mataki a ma'aunin kiɗa. Ga mai magana a hankali ba a ji sosai. Ga mai ƙaraji, yana ƙara masa kaifi. Wani ɓangare na abin da ya dami Hajiya daga nan yake.

Uwar Biyu: Wani ɓangare dai, Malam. Sauran nasa ne.

Ɗan Auta: To akwai gyara?

Na-Majigi: Akwai na mai kallo, akwai na mai aiki. Na mai kallo: fara da siffar hoto. Fim ɗin ba mai faɗi ba ne, kusan 4:3 yake. In an ja shi ya cika allon 16:9 fuskoki za su baje. In an yanke sama da ƙasa don ya cika, kashi 25 cikin 100 na hoton ya tafi, kuma a fim ɗin da hujjarsa ƙaramin abu ne kamar laita, wannan asara ce. A manhajar kallon bidiyo ta VLC danna harafin A har ya dawo 4:3, ka bar baƙaƙen shafi a gefe. Kashe abin nan na talabijin da ke sulɓe motsi. Kada ka ƙara haske, baƙi zai zama toka. Ɗaga gamma kaɗan, wato hasken tsaka-tsakin hoto, ka rage ƙarfin launi. Kada ka taɓa majuyin launi, wato hue, don yana juya duka ne tare, jan fuska ya tafi kore ya zo.

Na mai aiki kuma, a manhaja irin DaVinci Resolve: buɗe ma'aunin da ke nuna ja da kore da shuɗi a jere. Nemi abu baƙi na gaske a hoton, kamar gashi ko inuwar ƙarƙashin matakala, za ka ga gindin ja ya ɗaga sama da sauran. Sauke shi har ya yi daidai da kore, ka yi wa shuɗi haka. Sannan nemi fari, ka daidaita samansu. Fata ce alƙali ta ƙarshe. Kowane faifai na fim, wanda ƙafa 2000 ne, kimanin minti 22, yana iya koɗewa daban da ɗan'uwansa, don haka gyara ɗaya ba zai wadatar daga farko har ƙarshe ba. Kuma akwai iyaka: bidiyo na gama-gari mataki 256 ne ga kowane launi, in jan ya takure a mataki 100 ka ja shi, bango zai fito da zobe-zobe. Gyara na gaske sai daga nagatif na asali, wato ainihin fim ɗin da aka ɗauka a kyamara.

Ɗan Damagaram: Kuma a kwafi mai kyau za a ga daren ba baƙi ba ne. Nagatif ɗin Kodak na lokacin ASA 50 ne zuwa 100 a ma'aunin saurin kama haske, yana cin haske da yawa, saboda haka ana haska ɗaki sosai ne a ƙirƙiri dare da inuwa mai kaifi. Ruwan sama ma ba ya fitowa a kyamara sai an hasko shi daga baya.

Ɗan Auta: Da masu fassara za su sa masa Hausa, ai da an san shi.

Mai Sauti: Da an san shi, amma aikin ya fi na sabon fim wuya. Sabbin finafinai sautinsu a rarrabe yake, muryar 'yan wasa galibi tana layin tsakiya, ana iya cire ta a bar kiɗa da ƙara. Na 1969 layi ɗaya ne tak, murya da kiɗa da tsawa duk a dunƙule. Mai fassara ba shi da zaɓi sai ya danne sautin duka duk lokacin da zai yi magana, ya sake shi in ya gama. Ruwan saman sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa da kowace jimla. Hanyar kauce wa haka ita ce a samo ƙarar ruwa daban a shimfiɗa ta a ƙasa tun daga farkon fage har ƙarshensa, a daidai ƙarfin ta asali, yadda in an danne ba za a ji ramin ba. Manhajojin raba murya na yanzu suna taimakawa, amma a kan tsohon sauti mai shuu suna barin wani ƙugi kamar ana magana cikin tulu. Sai kuma babban sharaɗi, wanda na san zai yi wa masu fassararmu nauyi: inda Nanda ta yi shiru tana kallonsa, a bar shirun. Kada a cusa barkwanci, kada a yi wa mai kallo bayanin abin da take ƙullawa.

Uwar Biyu: In an bar shirun, matasa za su tura gaba. In an cika shi, Ɗan Damagaram zai kai ƙara wurin Lauya. Ni dai a nemo min kwafin da ba ja ba tukuna, in sake duba wurin bahon nan, don har yanzu ban yarda mutum na uku zai ratsa gidan da gawa a kafaɗa Dilip bai ji motsi ba.